Mu kwashe abin da ke cikin faya-fayanmu tun ana samun na'urar karanta su

Da wuya a shiga gidan ɗan kasuwa a Maraɗi, Damagaram ko Tawa a rasa wani kwali ko tsohuwar jaka cike da faya-fayai a ƙarƙashin gado. Akwai na bikin aure, na suna, na tarbar alhazai, na tafsirin watan azumi, ga finafinan Kano da aka riƙa sarowa daga Ƙofar Wambai, ga waƙoƙin Shata da na Ɗan Gurmu. Mun adana su muna ganin tun da ba zare ba ne irin na kaset, ba abin da zai same su. To, jama'a, wannan zato ba daidai ba ne. Faya-fayan suna mutuwa a cikin kwalin, na'urorin da ke karanta su kuma suna ɓacewa daga kasuwa. Ra'ayinmu shi ne duk gidan da ke da irin wannan ajiya ya nemi na'urar karanta faifai ta waje, wadda masu gyaran kwamfuta ke ce wa lektar, a kwashe abin da ke ciki bana, kada a bari sai baɗi.

Mun ga yadda aka yi da kaset ɗin bidiyo. A shekarar 2016 kamfanin Funai na ƙasar Japan, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera na'urar kallon kaset, ya daina. Yau wanda ke da kaset ɗin auren iyayensa sai ya zagaya gari bai samu inda zai saka shi ba. Faifai ma hanyar da ya kama ke nan. Tun 2008 kamfanin Apple ya fito da kwamfutar hannu marar wurin saka faifai, sauran kamfanoni suka bi baya, har ta kai yawancin sababbin kwamfutocin hannu ba su da wannan ƴar ƙofa ta gefe. A 2025 kamfanin Sony, wanda da shi da Philips suka fito da faifan CD a 1982, ya daina yin faya-fayan Blu-ray na ɗaukar bayani. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Abin da ya kamata kowa ya gane shi ne faifai iri biyu ne. Akwai wanda aka buga a masana'anta, bayansa fari kamar azurfa. Wannan yana da ɗan ƙarko. Akwai kuma wanda mai ɗaukar hoton biki ya ƙona muku a shagonsa, wanda bayansa kan yi launin shuɗi, tsanwa ko shunayya. Wannan launi wani rini ne da haske ya yi rubutu a kansa, kuma zafi da rana da laima suna cin rinin sannu a hankali, kamar yadda atamfa ke koɗewa idan ta daɗe a rataye a bakin rumfa. Ku tuna zafin watan Afrilu da Mayu a ƙasarmu, lokacin da awo ke wuce 40, ku tuna ɗakin kwano da tsakar rana. Abin takaicin, faya-fayan da suka fi saurin lalacewa su ne waɗanda ba su da na biyu a duniya. Fim ɗin Kano ko karatun babban malami, mai yiwuwa a same shi wurin wani ko a YouTube. Amma muryar kakar yara tana sa albarka ranar suna, ba wanda ke da ita sai ku.

Wani zai ce ai sai a kai shago a juye, me ya sa za a sayi na'ura? Ga waƙa da wa'azi ba mu ƙi ba. Amma iyayenmu mata su yi tunani a kan faifan biki. A ciki akwai kamu, akwai lalle, akwai matan aure suna rawa a cikin gida ba mayafi, don sun san tsakaninsu ne. Idan aka bar wannan faifai ya kwana a kwamfutar wani yaro da ba a sani ba, wa zai ba da tabbacin ba za a wayi gari a ga guntunsa yana yawo a WhatsApp ko TikTok ba? Abu kaɗan ne ke kashe aure. Na'urar kuwa kuɗinta bai kai na salula mai kyau ba. Idan gida ɗaya bai iya ba, ƴan adashe ko matan layi ɗaya na kasuwa su haɗa su sayi guda, ta riƙa zagayawa, kowace ta sa ɗanta ko ƙanenta mai kwamfuta ya juye a gaban idonta.

Wajen saye, abu na farko: wannan na'ura ba irin wadda muka saba jona wa talabijin ba ce. Ba ta da rimot, kuma yawancin talabijin ba sa gane ta. Da kwamfuta take aiki, ta ramin USB, kuma daga nan take shan wuta. Shi ya sa ake samun waɗanda wayarsu ke da kai biyu. Idan kwamfuta ba ta ba da isasshen ƙarfi ta rami ɗaya, sai a jona duka biyun, in ba haka ba za a ji faifan ya fara juyawa ya tsaya. A duba bakin wayar kuma, don sababbin kwamfutoci da dama ƙaramin rami gare su, wanda ake kira USB-C. Wadda aka rubuta DVD a jikinta tana karanta CD da VCD da DVD duka, kuma ita ce ta dace da abin da ke gidajenmu. Kada mai shago ya lallashe ku da ta Blu-ray mai tsada. Gida nawa ne a nan ke da irin wannan faifai?

Mu ƴan kasuwa ne, mun san ba a sayen kaya a cikin buhu. Ko a Katako ne, ko Kasuwar Dole, ko Babbar Kasuwar Maraɗi, ku tafi da faya-fayanku uku, ɗaya na masana'anta, ɗaya na ƙonawa, ɗaya mai ƴar ƙarzuwa, a gwada a gabanku. Kwali mai sunan LG ko Asus ba ya nufin abin da ke ciki sabo ne, domin akwai masu cire tsohuwar na'ura daga matacciyar kwamfuta su sa mata sabuwar riga. Ta gwanjo ba laifi ba ce idan an faɗa muku gaskiya an kuma rage kuɗi, sai dai idonta, wato ɗan gilashin da ke karatu, kan yi rauni da tsufa. A yi yarjejeniyar kwanakin mayarwa tun kafin a miƙa kuɗi. Ga ƴan'uwanmu masu sayarwa kuma, ku yarda a gwada; mai kaya mai kyau ba ya tsoron gwaji.

Juyewar kanta ba wuya, sai dai tana son haƙuri. A fara goge faifan da ƙyalle mai laushi, daga ramin tsakiya zuwa baki, ba a kewaye ba. A kula da saman CD, gefen da ake rubuta suna, don bayanin yana dab da nan, ƙarzuwa a sama ta fi ta ƙasa illa. Faifan VCD yana ɓoye fim ɗin a wani gida mai suna MPEGAV, na DVD a VIDEO_TS. A kwashe gidan gaba ɗaya, manhajar VLC, wadda kyauta ce, za ta buɗe shi. Faifan waƙa ko karatu irin wanda ake sa wa rediyon mota shi ne ke yaudarar mutane: idan aka ja abin da ake gani aka ajiye, suna kawai aka ɗauka, ba murya. Sai an sa manhajar da ke tatso sautin. Don haka duk abin da aka juye, a cire faifan, a kunna kwafin a gani. A rubuta masa suna da shekara, kada a tara abu ɗari duk sunansu ɗaya. Kuma a fara da na iyali, na nishaɗi su biyo baya.

Ina za a zuba? Nan ne muke ganin mutane za su yi asarar wahalarsu. CD yana ɗaukar kamar megabait 700, DVD gigabait 4.7, mai hawa biyu 8.5. Ma'ajiyar waje mai terabait 1 za ta ci DVD wajen 200, ta ishi yawancin gidaje. Amma kada a dogara ga katin salula ko kile kaɗai. Ana sace salula a kasuwa kullum, akwai kuma katunan jabu da ke nuna babban ciki alhali ƙarami ne, sai sun cika su fara cinye abin da aka zuba da farko ba tare da sanarwa ba. Ko na kirki ne, idan ya yi shekaru a aljihun tebur ba a jona shi ba, yana iya mantuwa. Kwafi biyu ake so, a wuri biyu. Wanda ya ga ambaliyar daminar 2024, wadda ta rusa gidaje a Maraɗi har ta kayar da tsohon masallacin Damagaram, ko ya ji labarin gobarar Babbar Kasuwar Yamai ta 1982, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Ɗaya a gida, ɗaya wurin ɗan'uwa a wata unguwa ko wani gari. Su kuma faya-fayan asali kada a zubar; a tsayar da su a cikin gidajensu, a ɗakin da ya fi sanyi.

Saura magana ɗaya da ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Na'urar da ke karatu ita ce kuma ke ƙonawa, kuma mun san yadda kwafin sata ya karya masu finafinai da mawaƙa a shekarun da faifai ke tashe. Adana abin da ka saya da kuɗinka don gidanka daban, juye guminsu ana sayarwa a kati a bakin tasha daban. Akwai hukumar BNDA da ke kula da haƙƙin masu fasaha a ƙasar nan, kuma duk mai shagon da ke son ya mai da juye faifai sana'a, ya je ya tambayi ƙa'ida, ya kuma goge bikin mutane daga kwamfutarsa a gaban mai shi kafin ya karɓi kuɗin aiki.