Raddi Ga Masu Cewa Zubar Jini A Cikin Kai Cuta Ɗaya Ce

Akwai ra'ayin da ya yaɗu har tsakanin masu ilimin boko, wanda ke cewa zubar jini a cikin kai cuta ce guda, hawan jini kaɗai ke haddasa ta, tsofaffi take kamawa, kuma duk wanda ya bugu a ka ya tashi yana magana da hankalinsa, to ya tsallake rijiya da baya.

Da'awar farko tana rushewa ne da sanin ƙirar kai, domin ƙwaƙwalwa tana lulluɓe da tantani uku, watau fatu siraru da ke tsakaninta da ƙoƙon kai, kuma jini yana iya taruwa tsakanin ƙashi da tantani na waje mai kauri, ko a ƙarƙashin wannan tantanin, ko a ƙarƙashin na tsakiya inda ruwan ƙwaƙwalwa ke gudana, ko a cikin naman ƙwaƙwalwar kansa, kowanne da nasa sababin da tasa alamar.

Maganar hawan jini tana da ƙamshin gaskiya, amma a nau'i na ƙarshe ta fi ƙarfi, inda matsin jini na shekaru ke raunana ƙananan jijiyoyi har su fashe, kamar yadda ya faru ga shugaban Amurka Franklin Roosevelt a watan Afrilun 1945. Jinin da ke zuba ƙarƙashin tantani na tsakiya ba tare da buguwa ba, galibi daga kumburin jijiya yake, wato wani wuri mai rauni da ke hurewa kamar balan-balan har ya fashe, ya zo da ciwon kai na farat ɗaya wanda mai shi bai taɓa jin irinsa ba. Jingina cutar ga tsofaffi kuwa ba ta tsayuwa, tunda masu cutar sikila, da masu juna biyu da jijjiga ta kama, da 'yan acaɓa marasa hular kwano duk suna cikin wannan hatsari da ƙuruciyarsu.

Da'awa ta ƙarshe ita ce mafi muni, domin ita ke cin rai. Ƙashin da ke gefen kai, gaba da kunne, siriri ne, kuma wata jijiya tana bi ta ƙarƙashinsa. Idan ya tsage ya yanke ta, mutum yana iya miƙewa ya kakkaɓe rigarsa ya ce lafiya lau yake, alhali jini na taruwa yana danne ƙwaƙwalwa, sai bayan sa'o'i amai da gyangyaɗi su biyo baya, ƙwayar ido ɗaya ta buɗe fiye da ɗayar. Haka 'yar fim ɗin Ingila Natasha Richardson ta rasu a Maris na 2009, bayan ta faɗi a wasan zamiya kan ƙanƙara a Kanada ta kuma ƙi a duba ta da farko. A tsofaffi da masu shan maganin tsinka jini lamarin ya fi ɓuya, domin jinin kan ɗiga a hankali ƙarƙashin tantani na waje na tsawon makonni, har iyali su ɗauki mantuwa da tangaɗin da ya jawo a matsayin ruɗin tsufa, alhali tiyata na iya fitar da shi.

Abin da ya fi ban takaici shi ne, irin wannan rashin sani yana sa a miƙa wa wanda ɓarin jikinsa ya shanye asfirin a gida da zaton toshewar jijiya ce, alhali toshewar jijiya da fashewarta ba sa bambantuwa da ido sai da hoto irin na CT, na'urar da aka fara gwadawa kan majiyyaci a Landan a 1971, kuma idan fashewa ce, asfirin na iya ƙara zubar jinin.