Ɗan Gida Ba Ya Toshe Kwata

Duk shekara labarin ɗaya ne. Agusta ta wuce, Satumba ta kama, ruwa ya shiga ɗakuna, katanga ta faɗi, sai mu fito muna tafa hannu muna cewa ƙaddara ce. Ƙaddara gaskiya ce, ba mai musu. Amma ledar fiya wata da ta toshe kwalbati ba daga sama ta sauko ba, jama'a. Hannunmu ne ya jefa ta. Wanda ya ja katangarsa ya cinye hanyar ruwa don ya ƙara shago ɗaya, duk mun san shi, tare muke sahu a masallaci, kuma ba wanda ya ce masa kanzil.

Mun ga abin da ya sami Maiduguri a Satumbar 2024 da madatsar Alau ta ɓalle, mun ga Mokwa a Mayun 2025. Kafanchan ba Kano ba ce, ruwanmu ya fi nasu yawa nesa ba kusa ba, kuma muna zaune ne a gindin duwatsun Kagoro. Abin da ya zubo can, ƙasa zai gangaro.

To, ga abin da ya fi ci min rai. Matsirga, can wajen Madakiya, inda ruwa ke faɗowa daga kan dutse mai tsawon sama da mita 20, mutane daga Kaduna da Jos da Abuja suke biyan kuɗin mota su zo kallo. Mu kuwa kyauta Allah ya ajiye mana shi a bayan gida. Ku je washegarin yawon Sallah ku gani: leda, robobi, fasassun kwalabe, an tattake shukar masu gona a gefen hanya. Yaron da ko a kududdufi bai iya iyo ba ya faɗa gurbin da ba ya ganin ƙasansa, don a ɗauke shi hoto a sa a TikTok. Wani zai ce ai masu zuwa da Kirsimeti ma haka suke yi. Na ji. Su ma suna da dattawansu, ni da namu nake.

Sai gawayi. Itacen da ake sarewa shi ke riƙe ƙasar gangare. In ya tafi, ruwa ya kwaso yashi ya cike rafi, rafi ya nemi hanya ta cikin gidan mutum. Wa ke saye buhu-buhu yana lodi a mota? Akwai namu a ciki, kar mu yaudari kanmu.

Muna jin zafi in an kira mu baƙi, muna kafa hujja da cewa kakanninmu suna nan tun zuwan jirgin ƙasa, fadar Sarkin Jama'a ma tun 1933 take garin nan. Madalla. To baƙo ne ke ɓata wuri ya kama gabansa.

Ƙaramar hukumar Jama'a ta faɗa mana ina kasonta na asusun kula da muhalli yake shiga, wannan haƙƙinmu ne mu tambaya. Amma yashe kwata ba ya jiran Abuja. Masu unguwa su sa ranar aikin gayya kafin ruwan Mayu ya kankama, limamai su faɗa a huɗuba, ƙungiyoyin samari kuma su je su zauna da dattawan Madakiya tun kafin Sallah mai zuwa, a tsayar da masu tsaron bakin ruwa, kowane ayari ya tafi da buhunsa na shara ya dawo da shi.