Kuka Ba Ya Tare Katafila

Akwai wata ɗabi'a da ta kama mu, mu ɗaliban adabi, wadda ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya a kanta. Da zarar an rushe wani tsohon gini sai ka ga kowa ya zari alƙalami, wannan ya tsara waƙar ta'aziyya, wancan ya rubuta muƙala mai sa hawaye, daga nan mu tafa wa juna mu watse. In kuwa aka ambaci lauya sai mu taɓe baki, wai mutum ne mai mai da fari baƙi don kuɗi. To, ni na ce mun yi kuskure, kuma ga hujjata daga birnin Niyok na ƙasar Amurka.

Labarin da aka fi yayatawa shi ne wai rushe tashar jirgin ƙasa ta Penn ne ya haifi dokar kare tsofaffin gine-gine a Niyok. An buɗe tashar a 1910, aka fara rushe ta a watan Oktoba na 1963, jama'a suka yi ta kururuwa, a watan Afrilu na 1965 magajin gari Robert Wagner ya sa hannu a dokar. Duk wannan gaskiya ne, amma an yanke wa labarin kai. A tsarin can, birni ba ya yin irin wannan doka sai da iznin jiha. Wa ya samo iznin? Wani tsohon lauya ne, Albert Bard.

An haifi Bard a 1866. Tun wajejen 1913 yake yaƙi da manyan allunan talla da suka ɓata titunan Niyok, yana cewa jama'a suna da haƙƙi a kan abin da idonsu ke gani a garinsu. Kotunan zamanin ba su yarda ba. A wurinsu hukuma tana iya takura wa mai gida don tsoron gobara ko cuta, amma kyan gani kaɗai bai isa dalili ba. Bard ya nemi a sa batun cikin tsarin mulkin jiha a taron da aka yi a 1938, bai samu ba, bai kuma haƙura ba.

A 1954 Kotun Ƙoli ta Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Berman da Parker, inda ta ce majalisa tana da ikon ƙudurta cewa gari ya zama mai kyau kamar yadda take ƙudurta ya zama mai tsabta. Abin mamaki, wannan shari'a ta halatta rushe unguwa ce a Washinton don sabunta ta. Mai karanta jarida rusau ya gani. Bard kuwa ƙofa ya gani. Ya tsara wata gajeriyar doka wadda ta ba biranen jihar ikon kare wurare masu darajar tarihi ko kyan gini, ta tabbata a 1956, yana da shekara 89. Har yau da sunansa ake kiranta.

Yanzu ku yi lissafi. Izni ya samu a 1956, tashar ta faɗi daga 1963. Shekara bakwai makami yana rataye, hukumar birni ba ta taɓa shi ba, masu kukan nan kuma yawancinsu ba su tilasta mata ba sai da aski ya zo gaban goshi. Bard ya rasu a watan Maris na 1963, wata bakwai kafin a fara rushewar.

Wani zai ce ai ba don kururuwar jama'a ba da 'yan siyasa ba su motsa ba. Na yarda. Amma da ba a tanadi dokar jiha ba, da kururuwar ta zama ihu bayan hari. Wani kuma zai ce mai gida shi ke da ikon kayansa. Wannan ma an gwada. Kamfanin jirgin ƙasa ya so ɗora bene mai hawa fiye da 50 a kan tashar Grand Central, hukumar kare gine-gine ta hana, aka kai ƙara, a 1978 alƙalai shida cikin tara na Kotun Ƙoli suka goyi bayan birni. Tasha biyu a gari ɗaya: wadda aka yi wa kuka ta zama tarihi, wadda doka ta rufe tana nan ana shiga jirgi a cikinta.

Mu ma muna da doka ta 1979 wadda ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, ga shi kuma badalar Kano tana zaizayewa muna kallo. Mu nawa ne muka taɓa karanta dokar? Shawarata ga 'yan'uwa ita ce, kafin mu sake tsara wa wata ƙofa waƙar makoki, mu taka zuwa tsangayar shari'a mu nemi ɗalibanta, mu zauna tare mu ga abin da dokar ta ce da wanda ya ƙi aiki da ita. Wanda ya ga ba haka ba, ga fili ga mai doki.