Dubai Ba Kasuwar Kwari Ba Ce

 

Tun da na koma makaranta a Ingila nake shan gori a waya: wai mutum ya yi kwana huɗu a Dubai shi kaɗai, bai hau Burj Khalifa ba, bai je sahara hawan raƙumi ba. To yau zan rama.

Yadda mutanenmu ke zuwa Dubai ba yawon buɗe ido ba ne, wahala ce da aka saya da tsada. Mutum ya sauka da asuba riƙe da takardar saƙo: gwal ɗin Hajiya, abayar Anti, turaren Kawu, wayar ƙani. Ya yini a Deira tsakanin kasuwar Naif da kasuwar gwal, da la'asar ya ruga Dubai Mall don hoto, da dare ya nufi Marina, wadda ke nesa da Deira fiye da kilomita 30. Kwana biyu ya dawo da ciwon ƙafa da jaka uku. Tambaye shi me ya gani, sai ya faɗa maka farashin giram.

Garin ma ba ya yarda da gaggawa. A Yuli da Agusta zafi yakan wuce digiri 40, ga gumi kamar na Legas. Shaguna da yawa a tsohuwar kasuwa rufewa suke bayan azahar sai la'asar. Masu garin sun san abin da suke yi, baƙo ne ke yawo a rana.

Ni wuri ɗaya nake zaɓa kowace safiya, in dawo masauki in yi ƙailula, in fita bayan la'asar. Yini guda na ba unguwar Al Fahidi, mai lunguna kamar cikin birnin Kano da hasumiyoyin jawo iska da suka sanyaya ɗakuna kafin zuwan na'ura. Da yamma na biya dirhami 1 na shiga abra, kwalekwalen katako, na tsallaka ruwa zuwa Deira. Na zauna ina kallon 'yan dako suna loda firji da buhuna a jiragen katako masu zuwa Iran da Somaliya. Wannan cinikin ya girmi man fetur ɗin da aka samu a 1966, balle benen da aka buɗe a 2010. Tsawon mita 828 kuwa daga ƙasa ma ana ganinsa, kyauta.

Za ku ce kuɗin jirgi da wahalar biza sun sa dole a ci riba. Na ji. Amma ɗan kasuwa daban, mai hutu daban. Alhajin da ke saro kaya zuwa Kwari aikinsa yake yi, Allah ya ba da sa'a. Ɗalibin da ya tara guzurinsa daga kuɗin makaranta fa, don me za a mai da shi ɗan aike?

Yaya, turarenki yana nan, shi kaɗai na saya. Ku gaida su Baba. Sai wasiƙa ta gaba.