Rufin Asirin da Ke Cin Rayuka Biyu

Katabu gari ne na bakin hanya. Titin Kaduna zuwa Zariya na wucewa ta nan, manyan motoci na kwana a Mararraban Jos, 'yan mata masu talla kuma na kai-komo tsakaninsu da farantan gyaɗa da dafaffen ƙwai har bayan Isha'i. A irin waɗannan garuruwa akwai labarin da kusan kowa ya taɓa ji. An fito sallar Asuba, an ji kuka a bayan kango, an tarar da jariri cikin kwalin taliya, nannaɗe da tsohon zane, ko cibiya ba a yanke ba. A kira mai unguwa, a sanar da 'yan sanda, a kai shi asibiti. Kafin hantsi an fara lissafin wace yarinya ce ta kwana biyu ba ta zo Islamiyya ba. Samari kuwa babu mai lissafa su.

Kafin kwalin akwai wata tara na firgici. Yarinya 'yar aji biyar a sakandare, mai burin karatun aikin jinya, ta ɗaure ciki da ɗankwali, ta koma zumbulelen hijabi. Ta gwada ƙwayar kemis, ta sha jiƙe-jiƙe. In asiri ya tonu a gida, sai a ce ta tafi ƙauye jinyar gwaggo. Kujerarta a aji ta zama ta wata. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a nan biyu suka ja, ɗaya ke shan duka.

Amurka ta bi wannan hanya, kuma ta ga ƙarshenta. Daga 1945 zuwa farkon shekarun 1970, farar yarinya in ta yi cikin gaba da Fatiha, a kan ɓoye ta a gidajen haihuwa na musamman, a karɓe jaririn a ba wasu. Yawancin gidajen ba sa karɓar baƙar fata, don haka kakanni da gwaggwanni ne ke riƙe musu 'ya'ya. Hukuma kuma ta bi su da horo: a 1960 jihar Louisiana ta yanke wa yara kusan 23,000 tallafi, kusan dukkansu baƙaƙe, bisa hujjar cewa gidajen iyayensu mata ba na mutunci ba ne.

Dubi Claudette Colvin, wata yarinya baƙar fata. Ranar 2 ga Maris 1955, tana da shekara 15, ta ƙi tashi ta ba farar mace kujera a motar bas a Montgomery, wata tara kafin Rosa Parks ta yi irin haka. Burinta ta zama lauya. Bayan 'yan watanni ta samu ciki, wannan ya ƙara sa shugabannin gwagwarmayar 'yancin baƙar fata suka ja baya da ita. Ta koma New York a 1958, ta yi shekara 35 tana mataimakiyar ma'aikatan jinya a gidan kula da tsofaffi. Sai dokar ilimi ta 1972 ce ta buɗe hanyar hana korar ɗaliba saboda ciki. Kafin nan Allah kaɗai ya san lauyoyi da likitoci nawa aka rasa.

Mu muna da abin da ya ceci yaran baƙaƙen Amurka, wato riƙo. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihinta a ƙasar Zazzau aka buga a 1954, ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta yi renon 'ya'yan wasu a ɗakinta. Musulunci ya hana a jingina wa yaro uban da ba nasa ba, bai hana a riƙe shi ba. Malaman fiƙihu ma sun ce ɗaukar tsintacce farali ne na kifaya: in kowa ya ƙi, kowa ya yi laifi.

Abin tsoron shi ne riƙon na mutuwa. Babban gidan gandu ya koma ɗaki ɗaya na haya, kwanon masara ya fi ƙarfin magidanci, ɗan da ake kira shege kuwa ko mai hali na gudun gorin maƙwabta. Inda dangi suka janye, 'yan kasuwa ke shigowa. A 2019 'yan sanda suka gano yara tara da aka sace a Kano aka sayar a Anambra, kotu ta yanke wa jagoran, Paul Owne, shekara 104 a 2021. Masu sayen ɗan da iyayensa ke cigiya, me zai hana su sayen wanda uwarsa ke neman inda za ta ɓoye shi?

Dokoki ba su yi ƙaranci ba. Kaduna na da dokar kare yara tun 2018, ta tsananta hukuncin fyaɗe a 2020, tana kuma cikin jihohi bakwai na farko a shirin AGILE na Bankin Duniya kan karatun 'yan mata. A Disamba 2019 kotun ECOWAS da ke Abuja ta yanke cewa Saliyo ta yi laifi da ta hana ɗalibai masu ciki zuwa makaranta. Duk da haka yarinyar Katabu ba ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa ba tare da an yi mata tambari ba.

Babu mai cewa zina ta zama ado. Amma an riga an yi ɓarin, saura a tsame abin da zai tsamu. A samu jami'ar walwala da yarinya za ta faɗa wa cikin sirri. A rubuta kowane riƙo a gaban hukuma da mai unguwa, don a san hannun da yaro yake. A nemo wanda ya yi cikin, ya fuskanci shari'a. A bar wa yarinyar gurbinta a makaranta bayan ta yi arba'in. Limamai kuma su faɗa a kan mumbari cewa jaririn bai yi laifin komai ba. Iyaye, kunyar da kuke gudu ta 'yan watanni ce. Gawar jariri a kwata kuwa, sai an tambaye ku ita ranar gobe.