Kaza ma dukiya ce, a gina mata akurki

Ƴan uwa ƴan kasuwa, maza da mata, kowa ya san ranar da ciniki ya ƙi, ko yaro ya kwana da zazzaɓi, ko malamin lakkal ya aiko neman kuɗin littafi, kaza ce ake kamawa a kai kasuwa. Ita ce asusun mace. To don mi muke sa wa shago kwaɗo biyu, muna ɗaure akuya da igiya sabuwa, amma kaza mu bar ta ta kwana bisa katanga ko bayan randa cikin ɗakin girki?

Mun san amsar da ake ba mu: wai kazar gida ba ta son tsarewa, abincinta na cikin tsakuwa. Gaskiya ne, kuma ba mu ce a kulle ta wuni ba. Ta yi kiwonta da rana. Maganarmu ta dare ce, da ta ƴan tsaki, da ta ranar da ciwo ya shigo unguwa. Kaza ta yi kwana 21 bisa ƙwai ta ƙyanƙyashe goma, kafin wata guda shirwa ta ɗauke uku, muzuru biyu, ruwan damina ya kashe biyu. Sai a ce ƙaddara. A ce kowace kaza jika uku ce in ta girma, to jika ashirin da ɗaya ke nan suka tafi a ƙyanƙyasa guda. Akurkin laka bai kai haka ba.

Ginin ba ya buƙatar siminti. Tubalin ƙasa, rufin ciyawa, ƙofa mai rufuwa sosai, da tagogi ƙanana da aka sa wa waya don iska ta ratsa. Kwano zalla ba rumfa a kansa tanda ne a watan Afrilu. Kar ƙofa ta dubi gabas, don daga nan hunturu da ruwa mai iska ke bugowa. A ɗaga daɓen ya fi tsakar gida tudu. Abin da muka fi gani ana kuskurewa shi ne ƙofa ƴar mitsitsiya wadda hannu kaɗai ke shiga. Akurkin da tsintsiya ba ta shiga ba ya sharuwa, wanda ba ya sharuwa kuwa gidan ƙuma ne da kaska. Su ne ke shan jinin kaza da dare har ta tashi daga bisa ƙwai. A share kowane mako, a barbaɗa toka, a liƙe tsagar bango. Kashin kuma taki ne, masu garka na so.

Babbar asara dai ta lokacin sanyi ce, sa'ad da annobar da likitocin dabbobi ke kira Niyukasal ke share gida ƙaf: kaza na gyangyaɗi, tana zawo kore, wuya ya murɗe. Kafson ƴan tebur da barkono cikin ruwa ba sa warkar da ita. Rigakafi kaɗai ke tare ta, kuma kafin hunturu ake yin sa, ga kaji masu lafiya. Ku tambayi mai rigakafi wahalar da yake sha a gidan da ba akurki: yara na bin kaji unguwa-unguwa, a kama rabi, rabi su tsere.

A nan mu ƴan kasuwa muke da laifi babba. Kajin da ba su sayu ba ran kasuwa, sun wuni keji guda da na garuruwa goma, da yamma sai a sake su cikin na gida. Kazar da aka samu da araha don tana gyangyaɗi ita ma haka. Ba mu manta da shekarar 2006 ba, da murar tsuntsaye ta ɓulla a Magaria cikin jihar Zinder, aka kashe kaji, cinikinsu ya tsaya, mata da yawa suka ga jarinsu ya narke. Wannan ciwon yana iya kama mutum, shi ya sa kwanan kaji ɗaki guda da yara ba abin wasa ba ne.

Duk kazar da ta fito daga kasuwa, a ware ta mako biyu a kwando ko keji dabam, nesa da akurki, da kaskon ruwanta. Wadda ta mutu a haƙa rami a binne, kar a jefa bisa juji. In kuma suna zubewa biyu-uku a rana guda, a sanar da ma'aikatan kiwo na gari tun kafin a kai sauran kasuwa.