SHARHI: An gyara zaure a Legas, yaushe za a ga jadawalin wasa a Minna?

Ranar 1 ga Oktoba, 2025, Shugaba Bola Tinubu ya sake buɗe Gidan Wasan Kwaikwayo na Ƙasa da ke Iganmu a Legas, wanda yanzu ke ɗauke da sunan Wole Soyinka. Kwamitin shugabannin bankuna ne ya ɗauki nauyin gyaran, kuma gwamnan Babban Bankin Najeriya, Olayemi Cardoso, ya ce aikin ya ci naira biliyan 68. An yi jawabai, an yi kiɗa da rawa, Shugaban Ƙasa ya nemi a kafa asusun kula da ginin, sannan taro ya watse. Tambayar da aka bari a bakin ƙofa ita ce: wa zai hau dandalin nan a watan gobe, da watan jibi, kuma wa ya san haka tun yau? Tambayar ta shafi kowane babban birnin jiha da ke da zauren wasa, kuma Minna, maƙwabciyar Abuja, na cikin wuraren da ta fi dacewa da su.

A ƙasashen da gidajen kiɗa suka kafu, amsar tana rubuce a wata takarda da ake fitarwa watanni kafin lokaci. Suna da kakar wasa kamar yadda ƙwallon ƙafa ke da ita, galibi daga Satumba zuwa Yuni. Jagoran makaɗa, mutumin nan da ke tsayawa da ɗan siririn sanda a gaban masu goge da masu busa kimanin tamanin, shi ke tsara abin da za a yi: makonni kaza na kiɗa zalla, kaza na opera, wato wasan kwaikwayon da ake rera dukkan maganganunsa, kaza kuma na rawar bale. Kaɗa sanda a daren wasa shi ne ƙaramin ɓangaren aikinsa. Babban aikin yana cikin zaɓen waƙoƙi, da ɗaukar makaɗa, da gwajin da ake maimaitawa kwana da kwanaki, da ƙulla yarjejeniya da baƙin mawaƙa shekara biyu ko uku kafin su zo. Mai sha'awa kan sayi tikitin kaka guda gaba ɗaya, domin ya tabbata ranar da aka rubuta ba za ta tashi ba. A Jamus akwai irin waɗannan ƙungiyoyi sama da 120 da ke rayuwa da kuɗin jihohi da birane. A Amurka masu hannu da shuni da kuɗin ƙofa ne ke riƙe da su. Ko ta wace hanya kuɗin ya zo, ana sanin zuwansa kafin a buga jadawali.

Wani zai ce wannan al'adar Turawa ce, me ya haɗa ta da mu? Sai ya tuna da fada. A masarautun ƙasar Hausa da ta Nufawa, kiɗa yana da lokutansa da ba sa saɓawa. Akwai na daren Juma'a a ƙofar sarki, akwai na jajiberin Sallah da na hawa, akwai na naɗin sarauta. Tambari yana da ranakun fitarsa, kakaki kuma ba a busa wa kowa. Makaɗan suna da shugabanni masu rawani, irin su Sarkin Tambura da Sarkin Kakaki, kuma kowa ya san wanda zai fara da wanda zai karɓa. Duk wanda ya saurari Narambaɗa ko Musa Ɗanƙwairo da kunnen basira ya san cewa 'yan amshin nan ba a titi aka tsinto su da safe ba: shekaru suka yi tare, har ya zama kallo ɗaya daga uban kiɗa ya isa a sauya zubi. Abin da ya riƙe su wuri guda shi ne gona da hatsi da riga da doki daga ubangida, wato abin da a yau za mu kira albashi da fansho. A Bida, Hajiya Fatima Lolo ta shafe shekaru masu yawa tana jan ayarin mawaƙan Nufawa a ƙarƙashin sarakuna daban-daban, har ta kai ga lambar girmamawa ta ƙasa. Jagora, ƙungiya mai ɗorewa, ranaku sanannu, ubangida mai cika alkawari: duk abin da gidan opera na Alkahira ko na Balin ke taƙama da shi, fada ta riga ta san shi.

Abin da ya faru shi ne gwamnati ta gaji matsayin ubangida, amma ba ta gaji kalandarsa ba.

Minna ba ta rasa kayan aiki ba. Tana da zauren wasanni na U.K. Bello, wanda aka sa wa sunan dogarin Janar Ibrahim Babangida da ya rasa ransa a yunƙurin juyin mulkin 22 ga Afrilu, 1990. Tana da Hukumar Fasaha da Al'adu ta jiha, da ƙungiyar rawa ta Gwape da ta daɗe tana wakiltar Neja a bukukuwa. A 2009, zamanin Gwamna Mu'azu Babangida Aliyu, birnin ya karɓi baƙuncin bikin fasaha da al'adu na ƙasa, NAFEST. Jihar na da masarautu takwas, kowace da makaɗan fadarta, ga kiɗan Gbagyi da na Nufawa da na Kambari da na Hausa da na Fulani. A 2021 hukumar UNESCO ta sa Bida a jerin biranen duniya masu fasahar hannu da ta gargajiya. Amma mai bin labaran Minna ya fi jin sunan zauren wasa a rahoton lacca ko taron gwamnati, kuma ya fi ganin masu rawa a hoton tarbar baƙo: su fito minti goma tsakanin jawabin maraba da jawabin babban baƙo, a tafa, su koma. Haka abin yake a yawancin jihohi. Ƙungiyar da aikinta jiran baƙo ne ba ta da dalilin koyon sabon abu, domin baƙon bana bai ga rawar bara ba.

Masu karanta wannan shafi, waɗanda fayil ke kwana a teburinsu, sun fi kowa sanin inda gizo ke saƙar. Gini yana shiga kasafin manyan ayyuka. Yana da ɗan kwangila mai bibiya, yana da ranar yanke ƙyalle, yana da allo mai ɗauke da sunan wanda ya buɗe. Gwajin rawa na wata uku kuwa yana ƙarƙashin kuɗin gudanarwa, layin da ake fara yankewa idan kuɗin shiga ya gaza, kuma ba wanda ke zarya a ofishin akanta dominsa. Ko an amince da shi a takarda, sakin kuɗin wani abu ne dabam. Ƙasar da ta tsawaita aiwatar da kasafin manyan ayyukan 2024 har cikin 2025 ba za ta iya yi wa mai busa algaita alkawarin Asabar ta biyu a watan Maris ba. Ga kuma batun kuɗin ƙofa. Tun da Gwamnatin Tarayya ta tsaurara tsarin asusun bai-ɗaya a 2015, abin da hukuma ta tara yana wucewa baitulmali ne, kuma dawowarsa sai da wata doguwar hanya. Tsarin ya toshe ɓaraka mai yawa, ba a musu. Amma shugaban gidan wasan da ya cika zaure da wanda ya bar shi fayau, sakamakonsu ɗaya ne a ƙarshen wata. Shi ya sa ba da hayar zaure ga masu biki ya fi sauƙi a kan shirya wasa.

Ko a Abuja labarin bai sauya ba. Cibiyar al'adu da ke jikin Hasumiyar Millennium, wadda aka fara a 2006, har yau ba ta zama gidan wasan da aka zana ba. Wasan opera da mazauna birnin kan gani, wata ƙungiya ce mai zaman kanta, AMEMUSO, ke shirya shi.

Abin lura shi ne inda jadawali ya tsaya da ƙafarsa a Najeriya, ba ma'aikata ce ta tsayar da shi ba. Ƙungiyar MUSON ta Legas, wadda aka kafa a 1983, tana da makaɗanta da mawaƙanta da makarantar horo, tana kuma yin bikinta duk shekara wajen watan Oktoba. Cikin waɗanda suka kafa ta akwai akanta Akintola Williams, da Francesca Emanuel, mace ta farko da ta zama babbar sakatariya a Gwamnatin Tarayya, wadda ita kanta mawaƙiya ce. Mutanen da suka san lissafi da tsarin ofis ne suka zauna suka gina abin da zai rayu bayansu. A Kinshasa, wani matuƙin jirgin sama, Armand Diangienda, ya tara 'yan sa-kai a 1994, wasunsu ba su taɓa riƙe goge ba, har suka zama ƙungiyar da duniya ta sani. A Minna ɗin ma akwai darasi a gida, wajen marubuta. Birnin da aka haifi Cyprian Ekwensi da Ben Okri, wanda kuma Abubakar Gimba ya yi rayuwarsa ta rubutu a cikinsa, yana da gidauniyar Hill-Top ta B.M. Dzukogi da ke tara ɗaliban sakandare a bikin adabi shekara bayan shekara. Mu da muka karanta adabi muna yawan kukan rashin kuɗi, amma waɗannan sun riƙe rana guda a kalanda, yara kuma suna shiri dominta.

Akwai ƙorafi mai nauyi da bai kamata a tsallake ba. Jihar da aka kwashe ɗalibai a Kagara da Tegina a 2021, aka sake kwashe wasu a Papiri a Nuwamban 2025, jihar da manoman Shiroro da Munya suka bar gonakinsu, da wane ido za ta dubi kasafin rawa? Wanda ya ce a fara da tsaro ya faɗi gaskiya, kuma ba mai hankalin da zai nemi a sayo goge tamanin daga Turai a wannan hali. Sai dai kuɗin da ake magana an riga ana kashe shi. Ma'aikatan hukumar al'adu suna cikin jerin masu albashi, zauren yana tsaye, ana kuma kashe kuɗin mota da masauki duk lokacin da za a tafi bikin ƙasa. Abin da ake asara shi ne amfanin kuɗin. Akwai kuma asarar da ba ta shiga littafin akanta: idan ƙauye ya tashi, makaɗinsa ma ya tashi, kuma kiɗan da ake koya daga baki zuwa kunne yakan mutu da tsoho guda. Da yawa daga cikin mutanen nan suna gudun hijira a garuruwan da ba su da nisa da zauren.

Abin da ake buƙata bai fi ƙarfin kwamishina guda da mataimaki mai naci ba. A naɗa jagoran fasaha na wa'adin shekara uku ko huɗu, ta hanyar talla da tantancewa, a ba shi ikon zaɓen abin da za a nuna ba tare da jiran sashen tarbar baƙi ba. A fitar da jadawalin rani, daga Nuwamba zuwa Maris, lokacin da ruwa ya ɗauke, amfanin gona ya shigo gida, a kauce wa azumi idan ya faɗo ciki. Dare takwas ya isa a fara: masarautu takwas, kowace da darenta, makaɗan fada su zo da izinin sarkinsu, ƙungiyar jiha ta shirya sabon wasa guda mai labari da waƙa da rawa, wanda shi ne opera a ma'anarta ta asali. A ware kuɗin kakar gaba ɗaya kafin a buga jadawalin, a kuma yarda wani kaso na kuɗin ƙofa ya koma wa ƙungiyar ta hanyar da mai binciken kuɗi zai iya bi. Ma'aikatar Fasaha, Al'adu, Yawon Buɗe Ido da Tattalin Arziƙin Ƙirƙira, ƙarƙashin Hannatu Musawa, tana da abin da za ta iya yi ba tare da gina komai ba: ta sa tallafinta ga jihohi ya dogara da yawan dararen da aka yi wasa aka buɗe wa jama'a ƙofa.

'Yan kallo ma ba su yi nisa ba. Neja ce ta ba da mafi yawan ƙasar da aka gina Abuja a kai, kuma dubban ma'aikatan tarayya suna kwana a Suleja da Madalla, wasu kuma iyalansu na Minna, suna bin hanyar duk Juma'a da yamma duk da wahalarta. Mutumin da ya san tun watan Oktoba cewa makaɗan Etsu Nupe za su hau dandali a Asabar ta farko ta Janairu zai iya gaya wa iyalinsa, ya ajiye kuɗin mota, ya gayyaci abokin aikinsa. Yanzu kuwa sai ya gani a labaran dare cewa an yi, a bayan kujerar wani babban baƙo.